Yadda Za Ka Koyi Iyo Daga Kan Bencin Iyaye

Wannan darasi naka ne, kai uban da bakinsa ya riga shi shiga ruwa. Idan ka taɓa gaya wa ɗanka cewa kai gwanin iyo ne, alhali ruwa mafi zurfi da ka taɓa shiga shi ne na bahon da aka yi maka wanka kana jariri, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin dogon hutun nan ya ƙare za ka shiga ruwa a gaban jama'a, ka fito da ranka, da wandonka, da mafi yawan mutuncinka.

An gwada hanyar a kan wani mai gyaran firij da ke layinmu, mutum mai tumbi da gashin baki da cikakken kwarjini, kuma har yau yana nan yana yawo a gari. Labarinsa za mu riƙa bi, don shi ne ɗalibin da ya kammala.

Mataki na 1: Ka tabbata ƙaryar ta yi girman da ba za ta janyu ba

Ƙaramar ƙarya ba ta koya wa kowa iyo. Mai Firij ya fara tasa ne tun ɗansa, wanda ake kira Kwamanda, yana ƙaramin da ke gudun wanka. Don ya lallaɓa shi ya shiga baho, sai ya ce masa, "Ni da kake gani, ina kamarka na ƙetare kogi da iyo." Yaro ya saki baki, ya shiga baho salin-alin.

Daga ranar kogin ya fara faɗi. Da Kwamanda ya shiga aji ɗaya, kogin ya samu igiyar ruwa. A aji biyu aka ƙara kada, wanda ya hango Baba ya kauce masa. Kafin aji uku, Baba yana ƙetarewa ne da akuyar maƙwabta a wuya, hannu ɗaya yana iyo, ɗayan ya ɗaga takalmansa sama kada su jiƙe.

Ka lura da wannan. Yaro yana iya mance inda ya jefar da takalmin makaranta da safen nan, amma ba zai mance launin akuyar ba. Mai Firij ya taɓa kuskuren cewa baƙa ce, nan take aka gyara masa cewa ja ce mai farin goshi.

Mataki na 2: Ka bar yaro ya zaɓi ajin da yake so

Idan dogon hutu ya zo, babu mai hankalin da zai bar yaro a gida a birni. Kwana kaɗan za ka tarar da rimot a cikin tukunya, an yi wa bangon falo zanen mota, kyanwar gidan kuma ta yi ƙaura. Shi ya sa cibiyar wasanni ta unguwa take buɗe shirin hutu: ajin zane, ajin kwamfuta, ƙwallon tebur, muhawara, haɗa 'yan motocin batir, sai kuma iyo a can baya, inda kwamin ruwan yake.

Matar Mai Firij nas ce, aikinta ba ya sanin hutu, saboda haka ita ta kawo maganar. Shi kuma ya gyara zama ya fara yi wa kwamfuta talla. Ya ce ita ce gaba, ita ce duniya, duk wanda bai iya ta ba an bar shi a tasha. Ya yabi ajin muhawara. Har ajin zane ya yaba, shi da bai taɓa zana ko da'ira ta rufe ba.

Kwamanda ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Iyo nake so, Baba. So nake in zama kamarka."

Maman Kwamanda ta ɗaga kai tana nazarin silin. Ita ce da idonta ta ga ranar da ruwan sama ya cika titinsu, aka tsallakar da mijinta a cikin baro, ya rungume akwatin kayan aiki yana salati. Amma mace ce mai rufin asiri, sai kawai ta ce, "Ai kuwa ya yi gado."

A ranar farko, Koci, wani dogon mutum da usur a wuya, ya tara yara da iyayen da suka rako su. Ya sanar cewa ranar rufe shiri ranar iyaye ce: kowane yaro zai ƙetare kwamin da iyo, ubansa yana iyo a gefensa. Kafin ya rufe baki Kwamanda ya ɗaga hannu, ya zayyana wa ajin gaba ɗaya labarin kogi, da kada, da akuya, da takalma.

Koci ya dubi Mai Firij daga sama har ƙasa, ya ce, "Ashe da babban baƙo a cikinmu. Ranka ya daɗe, kai da ɗanka za ku buɗe mana fili ranar."

Idan ka iso nan, ka yi murmushi, ka ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwa. Mai Firij haka ya yi.

Mataki na 3: Ka mallaki benci

Daga yau kai ne mai kai yaro, kai ne mai ɗauko shi, kuma tsakanin kaiwa da ɗaukowa ba za ka motsa ba. Rufe shago. Wanda firij ɗinsa ya lalace ya sha ruwan randa, kakanninsa ma da shi suka girma.

A gefen kwamin akwai benci a ƙarƙashin rumfa, inda iyaye ke jira. Zaɓi ƙarshen da ya fi kusa da bakin Koci. Sa baƙin tabarau don kada a ga inda kake kallo. Kara waya a kunne, ka riƙa cewa "eh, eh, a sauke kayan" lokaci-lokaci, kunnenka ɗaya kuwa yana wajen darasi.

Da haka Mai Firij ya sace ilimi mai yawa ba tare da ya jiƙa ko ɗan yatsa ba. Ya ji cewa ba a lanƙwasa gwiwa in ana harba ƙafa. Ya ji cewa ana sa fuska a ruwa a busa kumfa, a juya kai gefe a shaƙi iska. Ya ji cewa jikin mutum da kansa yake tasowa sama in an sake shi, maganar da ya ɗauka a matsayin ƙarya tsagwaronta, don ya san nauyin kansa.

Matsalar ɗaya ce: jiki yana bin kunne. Koci na cewa "harba", sai ƙafafun Mai Firij su kama rawa a ƙarƙashin benci. Wani uba da ke zama kusa da shi, wanda ake ce wa Baban 'Yan Biyu, ya leƙa ƙasa ya ce, "Malam, lafiya?"

"Sauro."

"Ai kuwa akwai su," in ji Baban 'Yan Biyu, wanda tasa kafaɗar take ta juyawa ita kaɗai tun ɗazu. Suka ci gaba da wayoyinsu, kowa yana sauke kaya.

Mataki na 4: Ka mayar da tambayarka jarrabawa

Akwai abin da ba ya jiyuwa daga benci, dole sai ka tambaya. Amma uba ba ya tambaya, uba jarrabawa yake yi. Bayan cin abinci ka kishingiɗa, ka haɗe gira, ka ce, "Zo nan. Me mutumin nan ya koya muku yau? In ji ko daidai yake koyarwa."

Kwamanda kan kwanta a kan kafet ya nuna komai, hannu da ƙafa da juya kai. Mai Firij kan zuba ido kamar zai haɗiye shi, sannan ya taɓe baki ya ce, "Ba laifi. Sake yi a hankali, ban ga yatsun ba." In an sake, ya ce, "To idan ruwa ya shiga hancin mutum fa? Ba ni ba, wani." In an ba shi amsa, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Na ɗauka bai gaya muku ba."

Kada ka manta da rufewa da cewa a zamaninku ba haka ake yi ba. In yaro ya ce ka nuna masa na zamaninku, ka ce ba ka so ka rikita shi.

Mataki na 5: Ka yi atisaye inda ba mai ganinka, in akwai irin wurin

Ilimi ba aiki aikin banza ne, saboda haka nemi abin da za ka kwanta a kai. A shagon Mai Firij akwai wani babban firij na kwance, irin na masu sayar da ƙanƙara, wanda mai shi ya kawo gyara ya mance da shi. Da rana tsaka, layi ya yi shiru, sai ya janyo ƙofa rabi, ya haye ruf da ciki, ya shiga harba ƙafa yana wurga hannuwa, yana juya kai yana shaƙar iska da ƙarfi.

Mai Walda na shagon kusa ya leƙo aron sifana. Abin da ya gani shi ne maƙwabcinsa manne a jikin firij yana karkarwa, ido a kafe, baki a buɗe. Mutumin kirki ne kuma ya san aikin lantarki. Bai tsaya tambaya ba, ya rarumi busasshen katako ya maka masa a haƙarƙari, ya hankaɗo shi ƙasa, ya ruga ya kashe babban makunni.

"Maƙwabci, kana ji na? Wutar ta sake ka?"

Mai Firij yana kwance a cikin tsofaffin wayoyi, ya auna zaɓin da ke gabansa, ya ce, "Ta sake ni. Allah ya saka da alheri, ka ceci raina." Kafin la'asar duk layin sun zo jaje, mai shayi har da kawo masa madara. Firij ɗin ko filogi ba shi da shi, amma babu wanda ya duba.

Da shago ya gagara, sai ya koma bayan gida da baho. Ya cika shi, ya durƙusa, ya tsoma fuska yana busa kumfa. Yana ɗagowa ya ga ƙafafun matarsa.

"Baban Kwamanda, me ya faɗa ciki?"

"Dubawa nake ko bahon yana yoyo."

"Da hanci?"

Ruwa yana ta ɗiga daga gashin bakinsa. Ta miƙa masa tawul, ta jingina da ƙofa. Dariya ce cike da cikinta, amma ta danne, ta ce, "Ka gaya masa gaskiya mana. Yaro ne, zai yi fushi kwana biyu ya huce."

"Ba fushinsa nake tsoro ba," in ji shi. "Kin ga yadda yake kallona in na shigo gida? Duk garin nan ba mai yi min irin wannan kallon. Shi nake tsoron ya canza."

Ta ce dai in ya gama ya juye ruwan a shuka.

Mataki na 6: Ka tanadi uzuri, amma ka sani ba kai kaɗai ke da wayo ba

Ranar iyaye za ta zo, kana so ko ba ka so. Mai Firij ya wayi gari da dabarar targaɗe. Ya roƙi matarsa ta naɗa masa bandeji irin na asibiti, ta ce ita ba ta ɗaure ƙafar da ke lafiya, aikinta yana da dokoki. Sai ya naɗa da kansa, ya ƙarasa da baƙin salatif na haɗa waya, ya fito yana ɗingishi. A ƙofar gida ya mance wace ƙafar ce, sai da ya duba.

Da suka isa cibiyar, an ƙawata wuri da balan-balan, 'yan ajin zane sun manna ayyukansu a bango, 'yan motocin batir suna ta karo da ƙafafun mutane. Ya ja ƙafa zuwa rumfar iyaye, ya tsaya turus. Baban 'Yan Biyu ya naɗe wuya da mayafi yana tari a wannan zafin. Na kusa da shi ya cusa auduga a kunnuwa biyu. Wani ya rataye hannu a wuya. Wani ya ce likita ya hana shi jiƙa, ko wanka da dabara yake yi. Bencin nan sai ka rantse layin ganin likita ne. Suka dubi bandejinsa, ya dubi nasu, aka yi wa juna sannu cikin mutunci.

Koci ya zo ya tsaya a gabansu, ya harɗe hannu. Da gani ba yau ya fara ganin wannan annoba ba. Ya ce, "Allah ya ba da lafiya baki ɗaya. To, yara za su ƙetare su kaɗai."

Yaran suna jere a bakin ruwa, kowa yana waigen ubansa. Kwamanda ya tako a hankali, ya dubi baƙin salatif ɗin nan, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Sannu, Baba. Ba komai, zan ƙetare ni kaɗai." Ya cire tabaran ruwansa yana gogewa da gefen wando, alhali ko ruwa bai taɓa ba tukuna. Sannan ya koma layi, bai sake waiwayowa ba.

Abin ya soki Mai Firij har cikin rai. A nan ne ɗalibi na gari yake watsar da mataki na shida. Ya sunkuya ya kama bakin salatif ya ja, ya tafi da gashin ƙaurinsa, bai ko ji ba. Ya tuɓe riga ya miƙa wa Baban 'Yan Biyu, ya ce, "Riƙe min. Ƙafar ta saki."

Mataki na 7: Ka shiga

Babu dabara a nan, tsani ne, ka sauka. Ɓangaren da za a ƙetare marar zurfi ne, ruwan iya cibiyar babba, iya haɓar yaro. Mai Firij ya sauka yana riƙe da ƙarfen tsani da hannu biyu. Sanyin ruwan ya kai masa ciki, nan take duk ilimin benci ya tattara ya bar kansa. Gwiwa ce ba a lanƙwasawa ko hannu? Kumfar ciki ake busa ta ko waje?

Koci ya busa usur. Kwamanda ya miƙe a kan ruwa sumul, ya tafi. Mai Firij ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya saki tsani ya faɗa ruf da ciki. Ruwa ya tashi har kan 'yan kallo. Ya harba komai da yake da shi a lokaci guda, ya buɗe baki a inda ake rufewa, ya sha, ya ƙara sha, ya nemi ƙasa da ƙafa ya rasa, ya same ta da gwiwa. Ya miƙe yana tari, ido jawur, yana nan daidai inda ya fara, tsanin yana taɓa bayansa.

Sai wata 'yar murya daga layin yara ta ce, "Wannan ne mai akuyar?" Dariya ta fara daga baya tana tahowa.

Kwamanda ya kai tsakiya, ya tsaya ya juyo. Mai Firij ya kasa haɗa ido da shi. Ya ji dai ruwa yana motsi, yaro ya dawo ya tsaya a gefensa. Sai ya ji muryarsa, da ƙarfi yadda har na kan benci za su ji:

"Koci, gwada ni yake yi. So yake ya ga ko na iya koya wa wanda bai iya ba."

Koci ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya cire usur daga baki. Ya ce, "Haka manyan gwanaye suke yi. A ba malami da ɗalibinsa hanya."

Yaron ya matso, ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin tumbin nan, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Baba, kwanta. Kada ka ɗaga kai. Sa fuskarka ka busa, ina riƙe da kai."

Ya kwanta. Abin mamaki, jikin ya taso. Ya busa kumfa, ya harba ƙafa yadda Allah ya hore masa, yaro yana tafe a gefensa a kan yatsun ƙafa, ruwa yana dukan haɓarsa, yana cewa, "Yauwa. Haka. Juya ka shaƙa. Saura kaɗan." Hannun bai bar cikinsa ba har sai da goshinsa ya daki bangon ɗaya gefen.

Da ya ɗago, abin da ya fara gani shi ne Baban 'Yan Biyu, mayafi a ƙasa, tari ya warke, yara biyu suna jan sa kowa da hannu ɗaya suna cewa su ma a gwada su. Mai auduga yana zare auduga. Mai rataye da hannu yana kwance igiya da hannun da ya karye. Kafin ka ce me, kwamin ya cika da manyan mutane ruf da ciki, suna shan ruwa suna tari, ƙananan malamai suna daka musu tsawa su daina lanƙwasa gwiwa. Koci ya zauna a bakin ruwa yana dariya har usur ɗinsa yana busa kansa.

Mataki na 8: A hanyar gida, ka kama bakinka

Za ka ji kamar ka yi bayani. Kada ka yi. Mai Firij ya tuƙa babur, ruwa yana ƙara a kunnensa, Kwamanda a baya ya rungume shi ta ciki. Sun wuce gidan mai, sun wuce shataletale. Sau biyu yana buɗe baki yana rufewa.

A wajen danja yaron ya kwantar da kumatunsa a bayan ubansa ya ce, "Baba, Koci ya ce ko an gama shiri suna buɗewa ranar da ba makaranta. Da safe ba mutane sosai."

Mai Firij ya kafa wa jar wutar ido. Ya gyara murya ya ce, "Sai mu riƙa zuwa. In ƙara gwada ka."

"To, Baba."

Wuta ta ba da hannu, na baya suka yi ta hon kafin ya tuna da giya.

Gargaɗi

Mai wannan darasi bai ɗauki alhakin ruwan da za ka sha ba, ko katakon da maƙwabci zai maka maka, ko gashin ƙafar da salatif zai tafi da shi. In firij ɗin mutane sun ruɓar da kaya saboda ka rufe shago, tsakaninka da su ne. In matarka ta ba 'yan'uwanta labarin baho, ba da yawuna ba. Haka kuma ban ba da tabbacin cewa ɗanka zai juyo daga tsakiyar ruwa ba, wannan ba ni na koyar da shi ba, ban ma san inda ake koyar da shi ba. In kuwa ya juyo, ka ji ɗan tafin hannunsa a ƙarƙashin cikinka yana ɗauke da kai, kada ka zo wurina neman magani. Ka sa fuskarka a ruwa kamar yadda ya ce, a can ba mai gane abin da ya jiƙa maka ido.